Daga Gatari Zuwa Injin Zarto: Yadda Saran Itace Ya Sauya a Ƙasar Tamale

Ga abin da muka tattauna a kan injin zarto, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu saurare ba.

Mai karatu, in ka shiga kasuwar katako ta Aboabo a Tamale, ɗauki tubaifo ɗaya ka shafa gefensa. In ka ji santsi, kaurinsa kuma ɗaya daga kai har gindi, to daga kamfani ya fito. In kuwa ka ji kaushi, ka ga sawun haƙora a jikinsa, nan ya yi kauri can ya sirance, wannan a cikin daji aka tsaga shi da injin zarto na hannu. 'Yan kasuwa na ce masa bushkat, wato yankan daji. Shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi araha, kuma dokar Ghana ta haramta shi tun 1998. Yadda aka yi haramtaccen abu ya zama shi ke riƙe da rufin kwanon yawancin gidaje, labari ne mai tsawo. Ba kuma za ka gane shi ba sai ka san cewa injin nan iri biyu ne, kowanne da irin bishiyar da yake ci da irin mutumin da ke bayansa.

Bari mu fara da lokacin da babu shi.

Ana cewa sunan Tamale daga kalmar Dagbanci "tama" ya fito, wato 'ya'yan kaɗanya. Gari ne da ya tashi a tsakiyar kaɗanya da ɗorawa da kuka da tsamiya, irin bishiyoyin da fataken Gwanja suka baro a Kano da Katsina suka sake tararwa a hanyarsu ta Salaga neman goro. A ƙasar Dagbon ɗorawa tana ƙarƙashin ikon sarauta ne: ko a gonarka take, ba ka da hurumin yin yadda ka so da kalwarta, balle ka kai mata gatari. Kaɗanya kuwa rumbun mata ce, da ita suke samun man miya da sabulu da kuɗin cefane lokacin da hatsi ya ƙare. Akwai kuma kurmi-kurmi da tindana, mai kula da al'amuran ƙasa a gargajiyance, ya hana a taɓa, irin na Malshegu da ke arewa da Tamale kaɗan.

To, me ya sa wannan doka ta yi aiki ba ɗan sanda ba kotu? Tsoro da girmama manya suna ciki, babu shakka. Amma ka tuna da kayan aikin. Mutumin da ya tasar wa kirya ko marke da gatari, wuni zai yi. Ƙarar saran tana kaiwa gari, kuma kafin bishiya ta fara rawa wani ya zo ya tambaye shi wa ya ba shi izini. Masassaƙi yakan zaɓi itace ɗaya ya yi makonni yana fitar da turmi da akushi da ƙota da gizagonsa. Jinkirin gatari shi ne mai gadin daji, ko da yake ba wanda ya taɓa ba shi wannan sunan.

Turawan Ingila suka mai da hedikwatar yankin arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907. Sun kafa ma'aikatar gandun daji a 1909, suka yi dokar keɓe dazuzzuka a 1927, amma idonsu na kan kurmin kudu, inda katakon da ake kaiwa Turai yake. Bayan samun 'yanci, a 1962, gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi dokar da ta ɗora ikon duk wata bishiyar katako da ta fito da kanta a hannun shugaban ƙasa, a matsayin amana. Riƙe wannan shekarar a ranka, za mu dawo gare ta.

Shi injin kansa, abin mamaki, a ɗakin tiyata aka haife shi. Wasu likitoci biyu na Sikotland, John Aitken da James Jeffray, su suka fara amfani da 'yar sarƙa mai haƙora a shekarun 1780 don yanka ƙashi, har da na mace mai naƙuda da haihuwa ta gagara. Sai a 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarton sarƙa mai aiki da lantarki don itace, a 1929 ya fito da mai shan fetur. Waɗannan sun kusa kilo 50, sai mutum biyu. A 1947 wani ma'aikacin daji a Amurka, Joseph Cox, ya lura da yadda tsutsar da ke cin itace ke gutsura dama da hagu, ya kwaikwayi bakinta ya yi haƙoran sarƙar da ake amfani da irinsu har yau. A 1959 kamfanin Stihl ya fito da injin Contra mai kilo 12, a shekarar kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar. Da irin waɗannan mutum ɗaya yana iya saɓa inji ya shiga daji shi kaɗai.

Yanzu ga bambancin da mutane ke yawan tambaya. Masu ƙera injin sun kasa shi gida biyu tun asali. Akwai na gida, wanda aka yi wa Baturen da zai rage reshe a bayan gidansa ko ya yanka itacen hunturu sau biyu ko uku a shekara. Ƙarfinsa si-si 30 zuwa 45, nauyinsa kilo huɗu zuwa biyar, dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kai, bari mu kira shi takobi, bai wuce santimita 35 zuwa 45 ba. Gangar jikinsa roba ce mai tauri. Yana da sauƙin tayarwa, yana da araha, amma ba a yi shi don ya wuni yana ruri ba. In ka matsa masa ya yi zafi, fistin ya ci, sau da yawa kuɗin gyara sun kusa kuɗin sabo.

Na ƙwararru kuwa daga si-si 50 yake farawa har ya haura 100. Gidan injinsa ƙarfe ne mara nauyi, kuma an yi shi ne don a kwance shi a sake ɗaurawa: makaniki ya canja fistin da ringi da boris, inji ya koma daji. Matatar iskarsa ta fi girma domin garin katako ba ya ƙarewa, ana iya ƙara ko rage man da ke zuba kan sarƙa, kuma yana jan takobi mai santimita 90 ko fiye ba tare da ya shaƙe ba. Sarkin wannan gida a Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, mai si-si 106. Kai da ka san Tamale garin babura ne, ka ƙiyasta: injin babur ɗin da ke ɗaukar mutum biyu da buhun masara, shi ne mutum ke riƙewa a hannu, yana tsaga gungume da tsawonsa. Tsohon ƙira ne, ba ya gudu kamar na zamani, amma yana da ja kamar saniyar huɗa, kuma kowane makaniki a Tachiman ko Kumasi ya san cikinsa.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani a nan. Tun farkon shekarun 1970 kamfanonin suka fara sa wa injinansu birki, wani ƙarfe a gaban hannun hagu da ke tsai da sarƙa cak idan inji ya yi tsalle ya dawo wa mai shi. A Turai ko ƙaramin injin gida ba a sayar da shi sai da wannan birkin. Amma tsofaffin manyan injinan da suka cika dazuzzukanmu, da yawansu ba su da shi, kuma ba su da abin rage girgiza na kirki. Saboda haka kalmar "na ƙwararru" a nan tana nufin ƙarfi da juriya, ba ta nufin tsaro. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya.

Injin ya shigo Ghana a shekarun 1960, kamfanonin katako na kudu ke kayar da bishiya da shi, manoman koko na share gona. Ba a yi shi don tsaga katako ba. Talauci ne ya koya masa wannan aikin. A farkon shekarun 1980 tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, kamfanonin yanka katako suka rasa kayan gyara, wasu suka rufe. A 1983 aka yi fari da gobarar daji, Najeriya kuma ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, samari majiya ƙarfi ba aikin yi. Waɗanda suka iya inji suka fara kayar da wawa da odum da dahoma, su ja layi da zare a jikin gungume, su tsaga shi da hannu a inda ya faɗi, 'yan dako su fito da katakon a ka zuwa bakin hanya. Da kamfanonin suka farfaɗo sai suka fuskanci kasuwar Turai mai biya da kuɗin waje, suka bar kafintan gida da yankan daji.

A 1991 gwamnati ta ce to, a yi rajistar injin a ƙaramar hukuma, a karɓi izini. Abin ya fi ƙarfinta. Sai aka yi dokar 1997 da ƙa'idojinta na 1998, waɗanda suka haramta tsaga katako da injin zarto don sayarwa, da saye da sayar da irin wannan katako. Mallakar inji ba laifi ba ne in an yi rajista. Kuma ka lura, dokar ba ta ce komai ba a kan babba da ƙarami, inji inji ne a wurinta. Bayan shekara goma sha biyu, a 2010, binciken cibiyar nazarin gandun daji ta Ghana da ke Kumasi tare da ƙungiyar Tropenbos ya nuna kashi 84 cikin ɗari na katakon da ake sayarwa a kasuwannin cikin gida yankan daji ne, kuma mutum wajen 97,000 ke ci daga sana'ar. Wani kaso na wannan katako yana hawowa ta Tachiman da Kintampo zuwa Tamale, ya wuce Bolgatanga ya ƙetare iyaka a Paga. Mai karatu na Wagadugu ko Yamai, duba rufin ɗakinka, ƙila kai ma kana ciki.

Me ya sa haramcin bai ci ba? A ganina amsar tana 1962. Manomi ya ga odum ta tsiro a gonarsa, ya bar ta shekara talatin, amma ba tasa ba ce. Ranar da kamfani mai takarda ya zo, zai kayar da ita, katafila ta murƙushe masa koko, kuɗin su tafi wa hukuma da sarauta. Mai injin zarto kuwa zai zo da yamma ya ba shi kuɗi a hannu, ko ya bar masa katakon rufi. Kai ne manomin, wa za ka buɗe wa ƙofa?

Har zuwa wannan lokaci arewa mai saye ce kawai. Bishiyoyinta gajeru ne, karkatattu, kamfani ba ya sha'awarsu. Sai madobiya ta yi kasuwa.

Ka san madobiya: ita ce ke zubar da ganye da rani ta yi furanni rawaya tas, makiyaya na sassaɓo ganyenta wa shanu idan ciyawa ta ƙare. Cikinta ja ne mai nauyi. A ƙasar Sin masu kuɗi na son kujeru da gadaje na irin ƙirar sarakunan da, daga jan katako, kuma da irinsa na kudu maso gabashin Asiya ya yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. A Ghana ƙofa biyu aka buɗe musu. Ta farko madatsar ruwa ta Bui, da aka gina tsakanin 2009 da 2013, inda aka ba da izinin kwashe bishiyoyin da ruwa zai cinye. Ta biyu hanyar Fufulso zuwa Sawla mai kilomita 147, wadda ta ratsa ƙasar Gwanja ta Damongo, dab da gandun namun daji na Mole. Takardar da aka bayar don kwashe abin da aikin hanya ya kayar, ita aka riƙa nunawa a shingen hanya da itacen da aka saro nesa da titi.

Nan ne manyan injinan kudu suka hauro arewa da ƙwararrunsu. Ka ga, injin irin 070 ba abin da ɗan ƙauye zai saya da kuɗin gyaɗa ba ne. Kullum yana da ubangida a birni, wanda ya sayi inji da fetur, ya ga sarki, ya ga na kan hanya. Mai riƙe inji da yaransa lada suke karɓa. Sukan kayar da madobiya, su fafe ta ta zama mai kusurwa huɗu don ta zauna daidai a kwantena, su bar rassa da ɓawo a wurin, motoci su nufi tashar jiragen ruwa ta Tema. Gwamnati ta hana a 2012, ta sassauta, ta sake hanawa, har sau da dama, ciki har da na Maris 2019. Yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa madobiya cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da takardar shaida daga farkon 2017. A 2019 ɗin 'yan sanda a Tamale suka kama wata 'yar ƙasar Sin da kwantenoni huɗu na madobiya, daga baya aka mayar da ita ƙasarsu. A shekarar ce kuma ƙungiyar bincike ta EIA ta ce tun 2012 an fitar da fiye da tan 540,000 daga Ghana zuwa Sin, kimanin bishiya miliyan shida. Kwamitin gwamnati ya musanta adadin, ya ce an zuzuta. Ko ma nawa ne, mutanen Taraba da Kogi da Kasamans ba sa buƙatar a ba su labari, sun ga irinsa.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna, ko da yake jaridu ba su cika kula shi ba. Madobiya ta yi wuya, iyayen gida suka kwashe manyan injinansu, amma sun bar hanyoyin mota a cikin daji da samarin da suka koyi jan igiya. A daidai lokacin kasuwa ta cika da ƙananan injina masu araha ƙirar Sin, masu si-si 52 ko 58, wasu an yi musu fenti da kamannin manyan kamfanoni. Ba su kai na ƙwararru juriya ba, ba za su tsaga odum ba. Amma mai gawayi ba odum yake nema ba. Bishiya mai kaurin cinya ko ƙugu ta ishe shi, kuma a ƙasar nan itacen da ke ba da gawayi mai nauyi, mai daɗewa a murhu, su ne kirya da marke da kaɗanya. Babban inji yana zaɓe, domin sai babbar bishiya ke biyan kuɗin mansa. Ƙarami ba ya zaɓe. Babba yana da ubangida da za a iya nema a kama, ƙarami kuwa a bayan babur yake tafiya cikin buhu. Kaɗanyar da ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, a cikin minti kaɗan take kwantawa, kafin matar da ke tsintar ta ta baro gida. Bi hanyar Buipe zuwa Kintampo ka ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar Kumasi da Ankara.

Tare da injin akwai ilimin da bai hauro da shi ba. Wanda ya iya aikin ba ya fara yanka sai ya zagaya bishiya, ya ga inda ta karkata, inda rassa suka yi nauyi, inda iska ke kaɗawa, ya ɗaga kai ko akwai busasshen reshe da zai faɗo. Sai ya share hanyar gudu ta baya a karkace, ba saitin bishiya ba, ya kori kowa zuwa nisan tsawonta biyu. Daga nan ya yi mata baki a gefen da yake so ta faɗi, zurfin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta. Ya zagayo baya ya yanka sama da bakin kaɗan, amma ba ya ratsawa. Yakan bar wani ɗan tsiri, kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin, wanda ke riƙe bishiya kamar yadda fata ke riƙe ƙyaure, ya bi da ita inda aka nufa. Sabon shiga shi ke yanke wannan tsirin, bishiya ta juya ta zo kansa, ko ta danne masa takobi. Shi ke taɓa itace da saman bakin takobi, inji ya yi tsalle zuwa fuskarsa. Shi ke aiki da silifa, ba tabarau ba abin toshe kunne, yana zuba baƙin mai a sarƙa, yana auna man haɗi da ido, alhali injin zamani kashi ɗaya na mai yake so cikin hamsin na fetur. Sarƙa dakusasshiya ma haɗari ce: in ka ga inji na fitar da gari maimakon ɓarzajjen katako, lokacin magagari ya yi.

Har tsayin kututture yana da magana. Madobiya da kaɗanya da marke duk suna toho idan an sare su da kyau aka bar saiwa. Abin da ke kashe su shi ne a tara rassa a kan kututturen a cinna wuta, ko a haƙa ramin gawayi a gindinsa, ko gobarar rani ta bi ta kan tohon shekara bayan shekara.

A 2021 majalisar sarakunan yankin Savannah, ƙarƙashin Yagbonwura sarkin Gwanja, ta hana saran itace da ƙona gawayi na kasuwanci a ƙasarta. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta fara ranar dashen itace ta ƙasa, da burin miliyan biyar a rana ɗaya. Dashe yana da kyau, sai dai mutanen arewa sun ga yadda dashen hukumar SADA ya ƙare shekaru kaɗan kafin nan, an kashe kuɗi, yawancin shukar rani da wuta suka cinye.

Akwai wata hanyar da ta fito daga ƙasar Hausa. A Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma ga kututturan da ke gonakinsu, waɗanda ake sassabe tohonsu kowace shekara. Aka ce a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su. Manoman suka kira shi sassaben zamani. Abin ya bazu a Maraɗi da Damagaram har ana ƙiyasta hekta miliyan biyar, kuma ya bazu ne bayan manomi ya tabbata bishiyar da ya rena shi zai ci moriyarta, malamin daji ba zai ci shi tara a kanta ba. Daga 2009 aka fara gwada shi a Talensi kusa da Bolgatanga, da lauje da adda.

A Ghana gyaran doka na 2002 ya bar wa mutum bishiyar da ya dasa da hannunsa. Wadda ta fito da kanta kuwa, in ta katako ce kamar madobiya ko maɗaci, tana nan inda dokar 1962 ta ajiye ta. To madobiyar da ta toho daga kututturen da aka sare a 2014 a wata gona kusa da Damongo, manomi ya kare ta daga wuta da awaki har ta kai girman turmi, a wane gida za a sa ta? An daɗe ana muhawara a kan wannan a Ankara.